JAWABI GA MA'AIKATAN ƘASAR MADARUNFA: KUƊIN GUMI BA YA ƁATA



Maganar yau ta shafi duk mai ci da guminsa: leburan gonakin noman rani na Jiratawa, magina, direbobi, masu gadi, 'yan aikin gida, da yaran shago na Ɗan Isa. Da yawa cikinsu suna aiki, wata ya ƙare, mai gida ya ce a dakata. Wani a rage masa kuɗi, a ce tara ce. Wani a kore shi hannu banza. Sai ya ce ya bar wa Allah. To, a sani, albashin da ba a biya ba bashi ne. Doka ta buɗe hanyar karɓarsa.

Dokar ƙwadago ta Nijar ita ce mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012. Tun 1961 kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar duniya mai lamba 95, wadda ke kare albashi. Ga abin da doka ta ce.

Na ɗaya: ana biyan albashi da kuɗin ƙasa. An hana biya da giya.

Na biyu: mai albashin wata, a biya shi kafin kwana 8 su wuce bayan ƙarshen wata. Mai aikin yini ko na mako, kada a wuce kwana 15 ba a biya shi ba.

Na uku: mai gida ba shi da ikon cin ma'aikaci tara.

Na huɗu: akwai albashi mafi ƙanƙanta. A 2012 an yanka shi 30.047 F a wata. Daga baya ya koma 42.000 F, wato jika 42. Mai gadin da aka hana wa wannan albashi wata 3, yana bin jika 126. Kuɗin hatsin gida ne da maganin yara.

Na biyar: ko ba a rubuta takarda ba, yarjejeniyar baka ma yarjejeniya ce. Amma sai da shaida.

To, wanda aka danne wa haƙƙi, yaya zai yi?

Da farko ya nemi mai gida cikin ladabi, gaban shaidu biyu. In akwai wakilin ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago, a tafi tare. In bai biya ba, sai ma'aikaci ya tafi ofishin sufeton ƙwadago a Maraɗi. Sufeto zai kira mai gida, ya saurari kowa, ya nemi sulhu. In an shirya, a rubuta takarda, kowa ya sa hannu. In an kasa, magana ta wuce kotun ƙwadago. Shari'ar ƙwadago kyauta ce. Talaka kada ya ji tsoron kuɗin ƙara.

Amma ga abu biyu da ke kayar da mutane.

Na farko jinkiri. Doka ta ba da shekara 2 don neman albashin da ba a biya ba. In suka wuce, ƙofa ta rufe. Mai gida ya ce gobe, ya ce bayan kaka, ya ce bayan salla, har lokaci ya ƙare.

Na biyu rashin shaida. A nan ne yaƙi da jahilci ke da rana. Wanda ya koyi rubutu ya sayi ɗan littafi. Ya rubuta ranar da ya fara aiki, da kuɗin da aka yi alkawari, da kowane abin da ya karɓa. Ya adana takardar biya. Kada ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba. Ko da ya sa hannu cewa an gama biyansa, doka ba ta hana shi neman ragowar haƙƙinsa ba.

Masu gida su ma su ji. Wanda ya biya kan lokaci, ya rubuta, ya huta da ƙara, kuma ba ya rasa ma'aikata ranar da aiki ya matsa.

Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.