Hauka Ne, Ko Koyarwa Ce?

Karatu: Markus 5:1-20, Ayyukan Manzanni 9:1-19

Iyaye, ku kira matasan gida su matso kusa, gama maganar yau ta shafe su.

Mu mutanen Suleja ba za mu manta da shekarar 2011 ba. Ran Jumma'a 8 ga Afrilu, ana gobe zaɓen 'yan majalisa, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe, ya kashe mutum 16, har da 'yan bautar ƙasa. Ran Kirsimeti kuma wani ya tashi a Majami'ar Katolika ta Madalla, jama'a suna fitowa daga sujada, fiye da mutum 30 suka mutu. A gidajen makoki, magana ɗaya nake ta ji: "Ai wannan mahaukaci ne. Mai hankali ba zai yi haka ba."

To, haka ne? Bari mu duba mutum biyu cikin Littafi Mai Tsarki.

Na fari yana cikin Markus sura 5. A makabarta yake kwana. An sha ɗaure shi da sarƙa yana tsinkewa. Dare da rana yana ihu, yana yanka jikinsa da duwatsu. Kowa yana tsoronsa, amma Markus bai ce ya kashe kowa ba. Kansa yake cuta. Da Yesu ya warkar da shi, sai aka same shi zaune, sanye da tufafi, cikin hankalinsa.

Na biyu shi ne Shawulu na Tarsus. Shi kam lafiyarsa ƙalau. Ya yi karatu wurin Gamaliyel, babban malami. Da ana jifan Istifanas yana nan tsaye, da yardarsa aka yi. Daga baya ya je wurin babban firist ya karɓi takardun izini, ya kama hanyar Dimashƙu don ya ɗauro masu bi, maza da mata. 'Yan'uwa, kun taɓa ganin mahaukaci ya je neman takardar izini? A sura 26 shi da bakinsa ya shaida wa Sarki Agaribas cewa a lokacin gani yake yi wajibinsa ne yake cikawa. Abin da ya gaskata shi ya tura shi.

Haka aka yi a nan. Waɗanda suka kai mana hari sun zaɓi rana, sun zaɓi wuri, sun haɗa kayan aiki. A watan Yuli 2013 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yi wa 'yan Boko Haram huɗu ɗaurin rai da rai saboda harin Suleja, a watan Disamba kuma ta yi wa Kabiru Sokoto haka a shari'ar da ta shafi na Madalla. Kotu ta hukunta su a matsayin mutanen da suka san abin da suka yi. Likitoci ma suna faɗa mana cewa yawancin masu taɓin hankali ba sa cutar kowa, su ne ma aka fi cuta. A cikin ƙungiya a kan sami wani marar lafiya, amma ƙungiyar tana da mai koyarwa, da mai ba da kuɗi, da shiri.

Me ya sa muke son cewa hauka ne? Domin yana sanyaya mana rai. In hauka ne, ai ba ruwanmu. Amma ku duba Luka sura 9. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi a kira wuta ta cinye garin. Almajiransa ne fa! Yesu ya juya ya tsawata musu.

Ga magana mai ɗaci. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2011, an kashe fiye da mutum 800 a Arewa cikin kwana uku. An ƙone majami'u, an kashe Kirista. A Zonkwa da kewaye kuma an kashe Musulmi da yawa, kuma cikin masu kisan akwai waɗanda aka yi wa baftisma. Su ma mahaukata ne? A'a. Ƙiyayya ce aka shuka tun da daɗewa, ranar girbinta ta zo.

Saboda haka baba, mama, me yaranku suke ji a bakinku game da maƙwabci? Yaron da ya tashi yana jin cewa wata ƙabila ko wani addini ba mutane ba ne, ɗan siyasa ba zai sha wahalar sa masa adda a hannu ba. Kai saurayi, duk wanda ya ce maka Allah yana so ka zub da jini, ka guje shi, ko da Littafi Mai Tsarki ne a hannunsa. In kuwa akwai mai taɓin hankali a gidanku, ku kwance masa sarƙa, ku kai shi asibiti, ku yi masa addu'a. Kada a ɗora masa laifin masu hankali.

Kada kuma mu fid da zuciya. Shawulun nan shi ya zama Manzo Bulus. Hananiya ya ji tsoronsa, duk da haka ya je ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu a Suleja da Madalla da Zonkwa. Ka bincike zukatanmu, ka tumɓuke ƙiyayya. Ka sadu da masu shirya mugunta kamar yadda ka sadu da Shawulu a hanya. Cikin sunan Yesu. Amin.