Kafin Ka Ɗauki Kwamfuta Zuwa Wurin Mai Gyara



A hunturun bara, saura kwana uku mu miƙa aikin bincikenmu, sai tsohuwar kwamfutar girke da muke karo-karo a kanta a gidanmu na Unguwar Rimi ta wayi gari fuskarta ta rine rawaya, kamar an zuba mata ruwan ɗorawa. Muka ɗora ta a Keke Napep sai kasuwa. Wani mai gyara ya dube ta sau ɗaya, ya ce allon ya mutu, mu sayi wani. Allah ya sa kuɗinmu bai kai ba. Da muka komo gida wani abokinmu ya zare wayar da ta haɗa allon da akwatin, ashe allura guda ce ta lanƙwashe a bakinta. Ya miƙar da ita da tsinke, magana ta ƙare.

Wannan waya mai shuɗin kai ita ce ake kira VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, har yanzu kuwa ita ce a bayan yawancin kwamfutocin gwanjo da ke ofisoshinmu. Allurai 15 gare ta, a jeri uku, kuma ukun farko su ke ɗauke da launin ja da kore da shuɗi. To, in shuɗi ya yanke sai allo ya yi rawaya, in kore ne ya koma ruwan hoda, in kuwa ja ne sai ya yi shuɗi-shuɗi kore-kore. Watau launin da kansa yana gaya maka allurar da za ka duba. Ni a ganina duk mai gyaran da bai fara da waya ba, bai cancanci ko kwabonka ba.

In waya lafiya take, sai ka lura da lokacin da ɓarnar ke bayyana. Idan zane-zane da ɗige-ɗige sun fito tun kunnawa, kafin Windows ta buɗe, laifin na ƙarfe ne. Idan kuwa sai bayan ta buɗe, a tuhumi manhajar da ke sarrafa hoto, wadda ake kira direba, a cire ta a sa wata. Akwai kuma dabarar da na fi so: ka sa kwamfutar ta ɗauki hoton fuskarta da kanta, ka tura shi wayarka ta hannu. Hoton ya fito fes, to allo ne ko waya. Ya fito da ɓarnar, ciwon yana cikin akwati.

A cikin akwatin nan babban abokin gabanmu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta barin kowane ɗaki a Kaduna, daga Kawo har Malali, ga fankar kwamfuta tana zuƙar ta dare da rana, har ta toshe, zafi ya taru. Alamarsa ita ce na'ura ta fara aiki lafiya lau, bayan ɗan lokaci hoto ya soma wargajewa. A zare ta daga wuta, a kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, sa'an nan a cire RAM a goge haƙoranta da kilinar fensir a mai da ita. Dalili kuwa, yawancin waɗannan kwamfutoci ba su da katin hoto na dabam, RAM ɗin suke ara.

Tun da an buɗe, a dubi ƙananan gwangwanayen nan da ake kira kafasita. Tsakanin 1999 da 2007 an ƙera da yawa marasa inganci, suka shiga kwamfutoci a duniya baki ɗaya. Wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ya lalace, kuma nan ne aikin mai gyara ya wajaba.

Amma fa ina roƙonku, kada kowa ya kwance tsohon allo mai ƙeya irin na talabijin, ko akwatin da ke rarraba wuta. Suna riƙe lantarki mai kisa ko bayan an zare su daga soket.