Yadda Ciwon Daji Yake Farawa

Yau za mu yi magana a kan ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara.

Ku sani jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da umurni a rubuce a cikinta, wanda ke gaya mata lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta tsaya. Shi ya sa in ka yanke, sabuwar tsoka ta cike wurin, sa'an nan ta daina.

To, wani lokaci umurnin nan yakan lalace. Ba ran ɗaya ba, a'a, ɓarna bisa ɓarna, sau da yawa shekara da shekaru. Sai ƙwayar ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har 'ya'yanta su taru su zama ƙari.

Ƙari iri biyu ne. Wani yakan zauna wuri ɗaya, likita ya cire shi, shi ke nan. Ɗayan kuwa yakan ci naman da ke kewaye da shi, ya bi jini da hanyar kaluluwa, ya je ya kafa a hanta ko huhu ko ƙashi. Wannan shi ne daji. Da fari ba ya cika yin zafi, kamar gara yake a cikin azara.

Me ke lalata umurnin? Akwai hayaƙin taba. Akwai dafin da ke cikin gyaɗa da masara masu fumfuna, da ƙwayar cutar shawara mai kama hanta, su ne ke jawo dajin hanta. Wata ƙwayar cuta kuma ita ke kawo na bakin mahaifa, kuma tun 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata allurar rigakafinta kyauta. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen jinya.

Saboda haka in mace ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini bayan ta daina al'ada, ko muƙamuƙin yaro ya kumbura da sauri, kada a tsaga, kada a ɗaura magani a jira. A zo disfensare. Mutanen Kakuri da Makera da Barnawa, ga babban asibiti nan kusa a Kakuri. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku asibitin koyarwa na Shika, a Zariya. Ƙarin da aka kama yana ƙarami shi ya fi jin magani.

Allah ya ba mu lafiya, amin.