Toka a madadin siminti: ginin zai yi ƙarfi kuwa?



Tun 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000, duk mai gini a Mahuta dabarar ragewa yake nema. Kwanaki wani abokina ya ce wai ya ji Turawa na zuba toka a kankare, shi ma zai kwaso ta murhu. Na ce masa tsaya tukuna!

Eh, ana zubawa, amma ba kowace toka ba. Tasu ita ce mai laushi kamar hoda da ake tarewa daga hayaƙin tashoshin lantarki masu ƙona kwal. Yawanci takan maye kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na simintin. Da ita aka gina madatsar ruwa ta Hungry Horse a Amurka, an gama a 1953, tana nan tsaye.

To ya take aiki? Idan siminti ya sha ruwa yana sakin wani sinadari dangin farar ƙasa. Tokar ce ke haɗuwa da shi, su zama ƙarin abin da ke ɗaure yashi da tsakuwa. Sai dai aikin a hankali yake tafiya. A kwana 7, kankaren mai toka bai kai na zallar siminti ƙarfi ba. Wajen kwana 28 yana matsowa, zuwa kwana 90 yakan kamo shi, har ya wuce. Sharaɗin shi ne ban ruwa kullum. Nan fa gizo ke saƙar, don mu nan kwana biyu ana yayyafawa sai a ce ya isa, ga rana. Ka cire katakon dekin da wuri a irin wannan kankare, wallahi rayukan mutane ka saka a haɗari.

Mu a Kebbi ba mu da tashar kwal, amma muna da ɓuntun shinkafa jibge a Argungu da Birnin Kebbi. Tokarsa tana irin wannan aikin idan an ƙona shi a zafi daidai, wajen digiri 600, aka niƙe ta lukui, aka gwada a ɗakin gwaji. Wanda aka cinna wa wuta a bola bai shiga lissafi ba, balle tokar murhu.

Don haka idan magini ya ce maka zai sa toka, tambaye shi: wace iri, kashi nawa, wane injiniya ya gwada, kuma kwana nawa za a yi ana ban ruwa?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.