Kafin Ka Sayi Na'urar Tace Wuta, Ka Fara Sanin Ciwon Wutar Gidanka

Yau hirarmu da masoya sauti ce, waɗanda suka tara kuɗi suka sayi amfilifaya da sifikoki masu tsada, yanzu kuma ana ce musu sai sun haɗa da na'urar tace wuta, irin ta Furman ko AudioQuest. Tambayata ɗaya ce: wane ciwo kake son magancewa?

Ciwon wuta iri uku ne, kowanne da maganinsa. Na farko, wutar da ke zuwa da ƙarfi farat ɗaya, lokacin tsawa ko in an dawo da wuta. Na biyu, hawa da sauka: ya kamata soket ya ba ka bolt 230, amma da daddare sai ka ga ƙwai ya yi ja kamar aci-balbal. Na uku, dattin da firiji, caja da inbata ke zubawa cikin waya.

To ku saurara da kyau. Yawancin na'urorin tace wuta na uku suke magancewa, su ɗan taɓa na farko. Ba sa ɗaga wutar da ta faɗi. Mu kuwa a nan, na biyun ne ke cinye mana kaya. Saboda haka ni a ganina sitabilaiza ce farko, kuma a samu mai sabo, wadda ke daidaita wuta a hankali, ba mai "ƙat-ƙat" ɗin nan ba. A tabbata tana jinkirta sakin wuta bayan an dawo da ita.

Sai batun girma. Duba bayan kowace na'ura, ka haɗa wat ɗinsu, ka bar sarari sosai a sama. Kuma VA ba wat ba ne: 1000VA kan tsaya wajen wat 800. Amfilifaya na zuƙar wuta da yawa in ganga ta buga, shi ya sa masu kyau ke ware mata soket na musamman. Ƙaramar na'ura shaƙe ta za ta yi.

Hattara da kayan gwanjo daga Amurka! Can bolt 120 ne da hez 60, mu 230 da hez 50. Ka jona ta kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Karanta rubutun bayanta kafin ka biya.

Mai inbata, ka tabbata wutarta mai santsi ce irin ta layi. Mai arha takan sa taransifoma gurnani.

Abu mafi muhimmanci kuma mafi arha: wayar at, wadda ake binnewa a ƙasa. In babu ita, kariyar na'urar ragagga ce, kai ma kana cikin haɗari. Kuma wannan "huuum" da kake ji a sifika, sau da yawa daga yadda aka haɗa wayoyi ne, tacewa ba ta kashe shi. Kar ka yarda wani ya ce a cire at don ƙarar ta tafi. Rai ya fi sauti.

Shawarata: kira mai gyaran wuta ya auna soket ɗinka safe, rana da dare. Abin da mita ta nuna, shi za ka saya wa magani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.