Ƙwayar Tazarar Haihuwa: A Auna Jini Kafin A Miƙa



Ba zan ɓata muku lokaci kan amfanin tazarar haihuwa ba. Duk wanda ya ga matar da ta yi kwanika a ƙauyukan bakin tafkin Maga, ga goyo ga ciki, tana duƙe tana dashen shinkafa a gonakin kamfanin SEMRY, ya san dalili. Binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna mata 406 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Kamaru, kuma a cikin matan aure 100, kimanin 15 ne ke amfani da hanyoyin zamani.

Saɓanina da jami'anmu tsoho ne. Daga Garwa har Marwa, duk taron da aka yi, sai a ce matsalar tsada ce, a ƙaro kwalaye a raba. Ni ban yarda ba. Ƙwayar tana cikin magunguna mafi araha. Abin da ke cin aljihun mace shi ne kuɗin babur zuwa asibiti da yinin aikin da za ta rasa. Shi ya sa take tsayawa wurin mai tallar magani a kasuwa, ta sayi wadda ta wuni a rana. Maganin da bai kamata zafin ma'ajiyarsa ya wuce digiri 30 ba, ga shi a zafin bazarar da ke haura 40.

Ƙwayar nan iri biyu ce. Akwai mai sinadari biyu, istirojin da furojestin, irin su Microgynon. Akwai mai furojestin kaɗai. Istirojin na iya tayar da hawan jini, yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, yana kuma iya rage ruwan nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana mai shayarwa shan mai sinadari biyu kafin mako shida da haihuwa, ta kuma ce gara a kauce mata har wata shida. To, su wa suka fi neman ƙwaya a nan? Masu goyo! Mai talla bai san bambancin ba, mu kuma ma'aikatan lafiya da muka sani, sau nawa muke tambaya? Mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta kai shekara 35, duk mai sinadari biyu ba tasu ba ce. Awon jini minti biyu ne, tambayoyin ba su kai biyar ba.

Sauran illolin, tashin zuciya, ciwon kai, nauyin mama da ɗigon jini, galibi suna lafawa cikin wata uku. Amma in ba a faɗa wa mace tun farko ba, ranar da ta ga jini za ta jefar. Mai sha kullum kan lokaci, ƙasa da 1 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara; da mantuwa, adadin ya kai 7. Mai shan rifamfisin na tarin fuka kuwa, ƙwayar ba ta tsare ta yadda ya kamata.

Masu cewa tana kashe mahaifa, ba haka ba ne; haihuwa na dawowa da an daina. Masu cewa awon jini zai kori mata, ita illar da ba a yi bayaninta ba ce ke korarsu.

Buƙatuna uku ne. A ajiye na'urar awon jini mai aiki a kowace cibiyar lafiya ta karkara. A tanadi mai furojestin kaɗai don masu goyo. Ta uku kuwa, shirin Chèque Santé da aka fara a 2015, wanda mai ciki ke biyan sefa 6,000, yana kawo mana mata awon bayan haihuwa. A zaunar da kowace, da maigidanta in zai yiwu, a yi mata bayani kafin ta koma gida.

'Yan'uwa, kada ɗayanmu ya sake miƙa ƙwaya bai auna jini ba, bai tambayi watannin goyo ba.