Ilmin Auna Ruwa: Daga Italiya Zuwa Bakolori



In ana zancen masanan Turai na ƙarni na 17, mukan ɗauka labarin taurari ne kawai, wanda bai shafi tuwonmu ba. A wannan lacca ina so in nuna cewa wani sashe na iliminsu yana nan a ƙasar Maradun, a jikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginawa a kan Gulbin Sakkwato a 1978.

Tushen wannan ilmi rigima ce. Biranen Bolonya da Ferara sun daɗe suna jayayya a kan inda za a karkata kogin Reno, kowa na gudun ambaliya. Cikin waɗanda Paparoma ya tura su duba al'amarin akwai Benedetto Castelli, almajirin Galileo. A littafinsa na 1628 ya bayyana cewa ba a sanin yawan ruwan kogi da faɗi da zurfi kaɗai, sai an haɗa da saurin gudunsa. Shi ya sa inda gulbi ya tsuke, nan ruwa yake ƙara gudu. Masunta sun san haka tun kaka da kakanni. Abin da Castelli ya ƙara shi ne mayar da sanin lissafi, yadda za a iya raba ruwa da awo.

Almajirinsa Torricelli ya ci gaba. A 1644 ya nuna cewa in zurfin ruwa a kan kafa ya ninka sau huɗu, saurin fitarsa sau biyu yake ninkawa, kuma da wannan ƙa'ida ake lissafa abin da ƙofar madatsa za ta saki. Shi ne kuma ya warware abin da ya ɗaure wa Galileo kai, wato me ya sa famfo ba ya iya zuƙo ruwa fiye da wajen mita 10. Ashe nauyin iska ne ke tura ruwan sama, kuma nauyin yana da iyaka. Ya gwada da zaiba a cikin bututun gilashi, ta tsaya a wajen santimita 76. A 1648 Pascal na Faransa ya sa mijin yayarsa ya hau dutse da irin wannan bututu, zaibar ta sauka. To, manomin fadamar Bakura da injinsa ya daina jan ruwa da bazara, don ruwan rijiya ya yi ƙasa, wannan iyaka ce ya ci karo da ita.

Amma a ganina lissafin Castelli yana da wata fuska da ba a ba ta muhimmanci ba a Bakolori: abin da aka tare a sama, a ƙasa aka rage shi. Bayan datse gulbin, ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu, noman shinkafa da su suka ja baya. Dubban mutane kuma tafkin ya cinye gidajensu da gonakinsu, aka yi ta taƙaddama a kan diyya. A watan Afrilu na 1980, lokacin yankin yana cikin Jihar Sakkwato, 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu suka mutu. Mutanen yankin da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne.